An ci bashi da sunan gwaggona a Daura, ita kuwa ko babbar waya ba ta da ita

Malamin firamare, Ƙofar Sauri:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya hana gidanmu barci tun makon jiya. Gwaggona, ƙanwar mahaifinmu, tana zaune a Daura, mijinta ya rasu shekara huɗu ke nan, kuma da sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take riƙe da marayunta. Bayan ƙaramar salla wasu samari biyu suka shiga unguwarsu da jaka da babbar waya, suka ce ana rubuta sunayen matan da mazajensu suka rasu domin tallafi. Aka shimfiɗa musu tabarma a zauren maƙwabta, mata suka yi layi, kowace da takardar NIN ɗinta a naɗe cikin leda. Gwaggo ta ce bayan sun kwafi lambar NIN da ta BVN, sai ɗayansu ya ɗaga wayar saitin fuskarta, ya ce ta ƙifta ido, ta juya kai dama da hagu, ta buɗe baki, har sauran matan suna dariya. Can sai saƙo ya shigo 'yar ƙaramar wayarta, ya karɓa ya karanta lambar da ke ciki da kansa, sannan ya miƙa mata naira 2,000, ya ce somin-taɓi ne, babban kuɗin yana tafe.

Har yau tallafi bai zo ba. Abin da ya zo shi ne kiran waya daga wani kamfanin ba da rance, wai ana bin ta naira 85,000, kuma idan ba ta biya ba za su tona mata asiri a wurin danginta. Sun ce an tura kuɗin wani asusu mai ɗauke da sunanta, alhali asusu ɗaya tak ta sani a rayuwarta. Me ya kamata mu yi yanzu, kuma yaya za mu tsare sauran tsofaffinmu?

Tsohon ma'aikacin banki, Layout:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya fitar da gwaggo daga wannan jarrabawa. Abin da ka kwatanta na gane shi tun daga wurin ƙifta ido. Manhajojin banki da ake buɗe asusu da su ta waya suna buƙatar su tabbatar cewa mutum mai rai ne a gaban kyamara ba hoto ba, shi ya sa suke cewa a ƙifta ido a juya kai. Wato a zauren nan, tana zaune kan tabarma, suka buɗe asusu da sunanta, ita da kanta ta ba su fuska, lambar da aka turo wayarta kuma ita ce ta kammala musu aikin. Daga nan asusun yana hannunsu, sunan kuwa nata ne.

Ya kamata mutane su fahimci nauyin lambobin nan guda biyu. BVN lamba ce mai alƙaluma 11 da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a 2014, kuma ita ce igiyar da ta ɗaure dukan asusun mutum wuri guda, ko a banki nawa suke. NIN ita ma alƙaluma 11 ce, hukumar NIMC ke bayarwa, kuma tun daga Disambar 2020 gwamnati ta wajabta haɗa ta da layin waya. BVN ita kaɗai ba ta isa a kwashe kuɗin mutum ba, amma idan aka haɗa ta da NIN da ranar haihuwa da fuska da lambar da ake turowa waya, to an samu cikakken mutum a takarda. Abin da ya fi damuna ga gwaggo shi ne, tun 2020 Babban Banki ya ba bankuna damar bin bashin da aka ƙi biya ta hanyar cirewa daga sauran asusun da ke kan BVN ɗin mai bashin. Saboda haka kada ku zauna jiran abin ya lafa da kansa.

Mai POS, bakin babbar kasuwar Katsina:

Ranka ya daɗe, bayaninka ya gamsar, amma ku ƙyale ni in faɗi wata gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba. Yawancin abin da ke samun mutanenmu sakacinsu ne ke jawo musu. A rana ɗaya sai in ga mutum biyar sun miƙo mini kati da lambar sirrin a rubuce a bayansa da biro. Wani kuma zai tsaya a tsakiyar mutane ya ɗaga murya ya faɗi lambar, ya ce in danna masa don shi ba ya gani sosai. Tun lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, da kowa ya koma tiransifa dole, mutane da yawa suka shigo harkar ba tare da an koya musu komai ba. Ni ina tsoron Allah, amma ba kowa ke zaune a ƙarƙashin lema da na'ura ba ne mai amana, kuma ba kowa ke tsaye a bayanka ba ne yake jiran layi kawai.

Hajiya mai atamfa, Daura:

Ɗana mai POS, ban musa abin da ka gani da idonka ba, amma ban yarda a kira abin da ya sami wannan baiwar Allah sakaci ba. Matan da ake magana maƙwabtanmu ne, na san irin halin da suke ciki. Macen da ke da marayu biyar, aka ce mata ga tallafi, kuma ta san a baya an taɓa rubuta sunaye haka an ba wasu da gaske, da wane ma'auni za ta bambance na gaskiya da na ƙarya? Su ma masu tallafin gaskiya NIN da BVN suke tambaya. Makaranta ta ce a kawo NIN, masu layin waya su ce a kawo, wurin fasfo su ce a kawo, sannan a juyo a ce mana lambar sirri ce kada mu nuna wa kowa.

Bari in gaya muku abin da ya faru da ni. Wata safiya na aiki yarinya ta sayo ƙosai, da na warware takardar da aka ƙunso shi sai na ga fotokwafin takardar NIN ce ta wani bawan Allah, ga hotonsa, ga lambarsa, ga adireshinsa, mai ya jiƙe rabin fuskarsa. Wannan mutumin wane sakaci ya yi? Ya kai takardarsa inda aka ce ya kai, su kuma suka tattara suka sayar wa masu ƙunshi a kilo. Na sa takardar a murhu na ƙone ta, amma na tabbata 'yan'uwanta suna can da yawa a wurin mai ƙosan.

Lauya, Ƙofar Ƙaura:

Hajiya ta taɓo inda doka take. A watan Yunin 2023 aka sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. A ƙarƙashinta, duk wanda ya karɓi bayananka, ofis ne ko kamfani ko makaranta, wajibi ne ya faɗa maka abin da zai yi da su, ya tsare su, kada kuma ya yi amfani da su a wani abin da ba shi aka karɓa dominsa ba. Wanda ya sayar da takardun mutane ga mai ƙosai ya saɓa wa wannan. Haka nan dokar laifukan intanet ta 2015 ta ware sashe musamman a kan satar bayanan mutum da yin sojan gona da sunansa, kuma hukuncin ya haɗa da ɗauri. Samarin da suka shiga zauren nan masu laifi ne a idon doka, gwaggo kuwa wadda aka zalunta ce.

Malam, ga shawarata. Kada ta biya ko sisi, domin biyan wani ɓangare ana iya ɗaukarsa a matsayin amincewa da bashin. Ku je ofishin 'yan sanda a Daura ku kai rahoto, ku karɓi kwafinsa a rubuce, kuma ku tafi da wasu daga cikin matan da aka rubuta tare da ita, don na yi imani ba ita kaɗai ba ce, kuma ƙarar mutum goma ta fi ta mutum ɗaya nauyi. Sannan ta yi takardar rantsuwa a kotu cewa ba ta buɗe wancan asusu ba kuma ba ta ci rancen ba. Da waɗannan takardu biyu za ku rubuta wa kamfanin rancen da kuma inda aka buɗe asusun, ku nemi a rufe shi a binciki inda kuɗin ya tafi. Komai ku yi shi a rubuce, ku riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Idan an yi mako biyu babu gamsasshiyar amsa, sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki yana karɓar koke. Barazanar tona asiri kuwa, hukumar FCCPC ce ke sa ido a kan kamfanonin rance na waya, kuma cin mutuncin mai bashi yana cikin abin da ta hana su, don haka ku adana duk saƙon da suka turo.

Mai POS, bakin babbar kasuwar Katsina:

Hajiya, na karɓi gyara, ki yafe mini idan kalmata ta yi kaushi. Ban nufi gwaggo ba. Amma har yanzu ina nan a kan cewa akwai abin da ke hannunmu. Lambar da ake turowa waya, wadda saƙon da kansa yake cewa kada a faɗa wa kowa, babu wani tallafi na gaskiya da zai buƙaci a karanta wa baƙo ita. Ko wannan kaɗai aka koya wa iyayenmu, an toshe babbar ƙofa.

Hajiya mai atamfa, Daura:

Babu komai ɗana. Sai dai ka tuna saƙon da Turanci yake zuwa, ita kuwa ajami kawai take karantawa. Gargaɗin yana cikin saƙon, amma ba da harshenta aka rubuta shi ba.

Mai gyaran waya, Ƙofar Marusa:

Ina so in ƙara wani ɓangare da ba a ambata ba, wato layin waya kansa. Mutane suna kuka a kan wayar da aka sace, alhali ɓarawon yau sim ɗin yake nema. Zai cire shi ya sa a wata ƙaramar waya, ya danna *565*0# lambar BVN ta fito masa, ya duba tsofaffin saƙonnin alat ya gane bankin mutum, daga nan ya fara gwada hanyoyin tura kuɗi da sayen kati da cin rance. Kullen da ke kan fuskar waya bai hana wannan ba, tunda sim ɗin ya bar wayar. Maganinsa shi ne a sa wa sim ɗin lambar sirri tasa ta kansa, a cikin saitin waya ake yi, ko a ƙaramar waya mai madannai ana yi. Duk wayar da aka sa shi a ciki sai ta tambayi lambar, kuma idan aka yi kuskure sau uku zai kulle sai da lambar PUK, wadda ke jikin katin da aka ɓallo sim ɗin daga ciki. Ku adana wannan katin a gida kamar yadda kuke adana takardar fili, kuma kada ku yi ta cankar lamba idan ba ku tabbata ba.

Na biyu, ranar da waya ta ɓace, a fara da kiran banki a rufe asusu kafin a tafi yin welkam bak, domin awa ɗaya ta ishi ɓarawo. Bankuna da yawa suna da lambar da ake dannawa daga wayar wani a dakatar da asusu, ya kamata mutum ya tambayi bankinsa ya rubuta ta tun kafin ranar. Na uku, layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani yana karɓe shi ya sayar wa wani. Idan da shi ka yi BVN kuma ba ka je ka canza ba, to alat ɗinka da lambobin tabbatarwa wayar baƙo za su riƙa shiga. Na ga wannan a wurin mutanen da suka tafi ci-rani suka daɗe, da kuma iyalan mamata waɗanda suka jefa wayar marigayi a akwati kafin a raba gado.

Dattijo ɗan fansho, Rafindaɗi:

'Ya'yana, duk abin da kuka faɗa na karanta, kuma Allah ya yi muku albarka. Amma akwai abin da kuke kewayewa, ni zan faɗe shi tunda na tsufa. Ku kuna maganar baƙo, ni kuwa katina yana hannun ɗan ƙanena shekara uku ke nan, shi ke ciro mini fansho duk wata, domin gwiwoyina ba sa jure tsayuwar layi. Ya san lambar, ya san nawa ke shigowa. Yaron kirki ne, ban taɓa kama shi da komai ba. To yanzu da wace fuska zan ce masa ya dawo mini da kati zan canza lamba? A al'adarmu wannan daidai yake da ce masa ɓarawo. Yawancin tsarana haka suke, kuma matanmu sun fi mu shiga wannan hali, tunda wata ko ƙofar banki ba ta taɓa takawa ba bayan ranar da aka kai ta dangwala yatsa.

Tsohon ma'aikacin banki, Layout:

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Maganarka ita ce mafi wuya a duk wannan zancen, kuma a shekarun da na yi ina aiki, koke-koken da suka fi sosa mini rai na cikin gida ne, inda tsoho zai zo da kuka, a buɗe masa takardar shige da ficen kuɗi, ya ga wurin da aka cire da ranar, ya yi shiru ya tashi ya tafi saboda ya gane wanene. Ba na cewa ka zargi ɗanka. Abin da nake ba da shawara shi ne tsari da zai kare ku duka biyun. Alat ya riƙa shigowa wayar da ke aljihunka, ba tasa ba. Ka buɗe wani ƙaramin asusu daban na cefane, katinsa ya zauna a hannunsa, babban kuma ya zauna a wurinka. Kuma yadda za ka gaya masa ba sai da zargi ba: ka ce masa kana gudun kada a sace katin a hannunsa a bar shi da abin kunya, wanda kuma gaskiya ne. Yaron kirki zai ji daɗin an rage masa nauyi.

Dattijo ɗan fansho, Rafindaɗi:

Wannan hanya ta kwanta mini a rai. Zan jarraba ta a ƙarshen wata in Allah ya kai mu.

Ɗalibar jami'a, Sabuwar Unguwa:

Iyayena, ku ba ni dama in yi magana a kan mu matasa, domin a cikinmu akwai masu sayar da bayanansu da saninsu. A makaranta ana zuwa a ce wa ɗalibi ya ba da NIN da BVN da hotonsa a ba shi 'yan dubbai, ko kuma ya ba da aron asusunsa a turo wani kuɗi a ba shi ladansa. Hukumar EFCC da NIMC duk sun fito sun yi gargaɗi a kan wannan ciniki. Wanda ya sayar yana ganin ya ci banza, bai san cewa idan kuɗin damfara ya bi ta asusun, sunansa ne zai fito a bincike ba, kuma za a iya sa BVN ɗinsa cikin jerin waɗanda bankuna ke sa wa ido tun bai fara aiki ba.

Sai kuma WhatsApp. Wani zai kira ya ce daga zauren ɗalibai ko na islamiyya yake, za a yi taro ta intanet, a karanto masa lamba mai alƙaluma shida da aka turo. Da zarar an karanta ya ƙwace WhatsApp ɗinka, ya fara aika wa dangi saƙo da sunanka cewa kana asibiti a taimaka. Haka ya faru da yayata, kafin magariba mutum uku sun tura kuɗi. A cikin saitin WhatsApp akwai wurin tabbatarwa mai mataki biyu inda mutum zai sa tasa lambar sirrin, minti biyu ya isa a yi shi, kuma na yi wa kowa a gidanmu.

Lauya, Ƙofar Ƙaura:

Ƙanwata ta yi daidai, kuma a jiharmu akwai haɗarin da ya fi bashi muni. Kowa ya san halin tsaron da muke ciki, har aka rufe layukan waya a wasu ƙananan hukumomin Katsina a 2021 saboda 'yan bindiga. Masu garkuwa da mutane ba da layin da ke ɗauke da sunansu suke kiran neman kuɗin fansa ba. Idan aka yi rajistar layi da NIN ɗinka, ko ka yi wa wani rajista don tausayi, ko ka sayar da tsohon layinka, ranar da aka bi sawun kiran ƙofar gidanka za a fara ƙwanƙwasawa, kuma kafin gaskiya ta bayyana mutum ya sha wuya. Saboda haka Malam, ku kai gwaggo ofishin kamfanonin waya ku nemi a duba layukan da ke kan NIN ɗinta, duk wanda ba ta sani ba a cire shi, a kuma ba ku shaida. Idan kamfani ya yi muku jan ƙafa, hukumar NCC mai kula da kamfanonin sadarwa tana karɓar koke a lamba 622 kyauta. Akwai kuma kamfanonin da ke tattara tarihin bashin mutane, irin su CRC da FirstCentral, ana iya neman rahoto a wurinsu a ga ko akwai wani rancen daban da aka ci da sunanta wanda ba a fara kira a kansa ba tukuna.

Hajiya mai atamfa, Daura:

Ni abin da zan ɗauka a wuyana shi ne zan sami mai unguwarmu da limamin masallacinmu. Baƙo ba ya shimfiɗa tabarma a zaure ya tara mata sai an ba shi wuri. A riƙa tambayarsa takardar shaida da ofishin da ya aiko shi, a kira ƙaramar hukuma a tabbatar kafin mace ɗaya ta fito da ledarta. Zan kuma roƙi malamar islamiyyarmu ta ba ni minti goma ranar Asabar in yi wa mata bayanin ƙifta idon nan da Hausa. Wanda kuma dole ta sa ya ba da fotokwafi, ya rubuta a jikin fotokwafin da biro inda ya kai shi da dalili da kwanan wata, yadda ba zai yi amfani a wani wuri ba.

Malamin firamare, Ƙofar Sauri:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na kira gwaggo yanzu na karanta mata abin da kuka rubuta, kuma ta ce mata biyu a layinsu su ma an fara kiransu, amma kunya ta hana su faɗa wa kowa, ɗaya ma har ta sayar da akuyarta ta biya rabi. Ranar Litinin da sassafe zan shiga mota zuwa Daura in tattara su mu tafi wurin 'yan sanda tare. Barista, ita wadda ta riga ta biya rabin, shin ta rasa haƙƙinta ke nan?

Lauya, Ƙofar Ƙaura:

Ba ta rasa ba Malam, sai dai ta bayyana a cikin takardar rantsuwarta cewa tsoron barazana ne ya sa ta biya, ba don ta ci bashin ba, ta kuma kawo rasit ɗin POS ko saƙon da ya nuna inda kuɗin ya tafi. Kowace ta zo da wayarta da takardar NIN ta asali, kuma ku gaya musu kada su goge ko saƙo ɗaya kafin Litinin.